Gargaɗi ga masu asibitin haƙori kan dillalan injin OPG na hannu

Akwai masu tallata injin OPG, wato mai ɗaukar hoton muƙamuƙi gaba ɗaya daga wajen baki, a Facebook da WhatsApp. Za su ce tokumbo ne daga Turai, su karya farashi, sannan su nemi a tura kafin alƙalami tukuna a ga kaya. Kada ku tura ko sisi sai injin ya ɗauki hoto a gaban idonku.

Babbar damfarar tana wajen sensa, wato ɓangaren da ke karɓar hasken X-ray ya mayar da shi hoto a kwamfuta. Kowace sensa tana da fayil ɗin saiti da aka yi mata ita kaɗai, mai ɗauke da lambarta. In aka kawo injin babu wannan fayil, ko babu lasisin manhajar, zai kunnu, hannunsa zai zagaya kai lafiya lau, amma hoto ba zai fito yadda za a karanta shi ba. Shi ya sa suke turo bidiyon injin yana juyawa kawai. Hotunan da suke nunawa a kwamfuta kuwa sau da yawa na gwaji ne da ke zuwa tare da manhajar. Wasu ma tsohon inji mai amfani da fim suke sayarwa da sunan na dijital.

Ku je da injiniyan da ya san aikin, a ɗauki hoto da abin gwaji mai ƙwallayen ƙarfe, ba da kan mutum ba. Ƙwallayen su fito zagayayyu, tazarar dama da ta hagu daidai. In sun miƙe ko sun matse, juyin injin ya kauce, kuma haka haƙoran gaba za su riƙa fitowa. Layi a kwance da ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe yana nuna wani sashe na sensar ya mutu, kuma sabuwa tana da tsadar gaske. Ku shafa ƙarƙashin kan injin, inda hasken ke fitowa: danshin mai alamar yoyo ce, kuma man nan shi ke sanyaya shi. A ɗauka sau uku, ana ba shi hutun da littafinsa ya ce, a ga ko zai tsaya a tsakiya. Fitilun saita kai, abin cizo da madogarar haɓa duk su kasance a wurin.

Ku karanta farantin bayanai da ke manne a jikin injin. Injin da aka ƙera don wutar Amurka kaɗai, bolt 120, ba a jona shi kai tsaye da tamu ta bolt 230.

In dillali ya ce muku babu ruwanku da takarda, ƙarya yake yi. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, wato NNRA, ce ke ba da izinin shigo da irin wannan inji da amfani da shi. Ku nemi takardar, ku gwada lambar da ke kanta da ta jikin injin.