Wasiƙa daga Birmingham: sharar da ta tare mana ƙofa a watan azumi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kun yi Sallah lafiya, Allah Ya karɓi ibadunmu. A gaishe min da Inna da kyau, da Anti da yara.

Ka ce ka ga hotunan tsibin shara a Facebook, an rubuta wai Birmingham ce, ba ka yarda ba, ka ɗauka wani juji aka ɗauko a gida aka laƙaba wa Turawa. Wallahi gaskiya ce, kuma layinmu yana ciki. Tun watan Janairun 2025 masu kwashe shara suka fara yajin aiki jefi-jefi, ranar 11 ga Maris suka ajiye aiki baki ɗaya, muna tsakiyar azumi. Kafin Sallah baƙaƙen ledoji sun taru a ƙofar gidanmu har sun kai ƙugu. Da dare yanyawa ta zo ta yayyaga su, gari ya waye ka ga ƙunzugun jarirai da ƙasusuwan kaji warwatse a hanya. Na dawo daga Tarawihi wani dare na ga ɓera ya fito daga ƙarƙashin mota, girmansa kamar gafiya, ko gezau bai yi ba da ya gan ni. Ranar 31 ga Maris majalisar birni ta fito ta ce abin ya zama na gaggawa, ta kuma faɗi adadi da bakinta: kimanin tan 17,000 na shara ne jibge a tituna.

Asalin abin ya girmi yajin aikin. A watan Satumba na 2023 majalisar ta sanar cewa kuɗin da ke shigo mata ba za su iya ɗaukar nauyin da ke kanta ba, wato ta karye. Shekaru da dama ana biyan mata masu shara a ofisoshi da masu dafa abincin makarantu ƙasa da abin da ake biyan maza masu aiki daidai da nasu, bashin ya taru har aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Ga wata manhajar kwamfuta ta lissafin kuɗi da aka sayo ta ƙi aiki, ta ci ninkin-ba-ninkin abin da aka ware mata. Gwamnatin Birtaniya ta turo jami'anta su sa ido, aka shiga tsuke bakin aljihu. Da aka zo kan motocin shara sai aka soke wani muƙami, ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta ce wasu za su rasa har fam 8,000 a shekara, majalisa ta ce bai kai haka ba. Suna can suna ja-in-ja, mu muna nan muna shaƙar wari. Talaka bai ci ba bai sha ba, aka ƙara masa harajin gida da kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024, a 2025 kuma aka sake ƙara kashi 7 da rabi.

Kuma ba kowace unguwa abin ya ci daidai ba. Mai mota da fili a gida ya loda nasa ya kai juji. Mu da muke cunkushe a irin su Alum Rock da Small Heath da Sparkbrook, mutum shida bakwai a ƙaramin gida, mu muka ji a jikinmu. Wata safiya aka ce motar shara za ta tsaya a wani filin ajiye motoci, na je bayan sallar Asuba na tarar layi ya miƙe. A gabana wata tsohuwa 'yar Pakistan ce, ta ɗora ledoji huɗu a keken tura jariri, da azumi a bakinta, hannunta na rawa don sanyi. Na karɓi keken na tura mata. Da na dube ta Inna ta faɗo min a rai, lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, da ta wuni a ƙofar banki da kuɗinta a ciki ta dawo hannu rabbana.

Ka tambaye ni ko duk abin nasu haka yake. A'a, ba zan yi musu ƙarya ba. Ruwan famfo shi nake sha kai tsaye, ban taɓa buɗewa na ji iska ba. Daga duwatsun Wales ake jawo shi, tafiyar sama da kilomita 100, kuma tun 1904 aka buɗe wannan aikin, har yau yana ba garin ruwa. Mu ga Challawa ga Tamburawa, amma kullum Anti sai ta leƙa waje neman ɗan garuwa. Wuta kuwa tun zuwana ban ga an ɗauke ba, sai dai kuɗinta da na gas su ke cinye albashi lokacin hunturu, har mutum ya gwammace ya ƙara riga a kan ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Madara da burodi da ƙwai da taliya suna da sauƙi idan ka auna da abin da ake biya a awa, don mafi ƙarancin albashi ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Doya da manja da busasshen kifi kuwa sai ranar marmari. Asibiti ba a karɓar ko sisi a ƙofa, mu baƙi mun riga mun biya tun wajen neman biza, amma ganin likita sai ka kama waya ƙarfe takwas daidai, minti goma a ce maka layin yau ya cika.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Ya fito da takardar harajinsa ya nuna min, fuskarsa ta yi ja, ya ce shekara arba'in yana biya bai taɓa fashi ba, don haka sai an gaya masa inda kuɗinsa suka shiga. Ya rubuta wa kansilan mazaɓarmu, ya rubuta wa ɗan majalisa, ya kira gidan rediyo. Shugaban majalisar birnin a 2025, John Cotton, kusan kullum sai 'yan jarida sun titsiye shi da tambaya. Har zuwa Afrilun 2025 shara ba ta gama kwasuwa ba, amma ba wanda aka kama don ya yi ƙorafi. Ni kuwa, Yaya, da na ga tsibin nan ban ji mamaki ba ko kaɗan, tunanina kawai ina zan kai tawa. Sai daga baya na gane an daɗe da cire mana sa rai, kuma wannan ya dame ni fiye da warin.

Ka tuna Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta fi mako a cikin duhu. Ka ce min kajin da ke firizar shagonka duk sun lalace, ƙanƙara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masu walda da teloli sun zauna zugum. Wa ya zo ya tambaye ka nawa ka yi asara? Da na ce ka kai kuka sai ka ce min, "Wajen wa?" Mun saba: babu wuta a sayi janareta, babu ruwa a haƙa burtsatse, taransfoma ta ƙone a yi karo-karo, ɓarayi sun dame mu a ɗauki 'yan sintiri. Kowane gida ya zama gwamnatin kansa, ga haraji ana biya, ga man fetur da aka cire wa tallafi tun ranar 29 ga Mayun 2023. Da yara suka fito zanga-zanga a watan Agustan 2024 suna cewa yunwa, ai ka ga yadda aka gurfanar da su a kotu a Abuja cikin Nuwamba, wasu suna zubewa ƙasa don galabaita, kafin a sake su. Ranar na kalli bidiyon a wurin aiki na kasa cin abinci.

Maganar turo Abba da ka yi, kada ka sayar da filin tukuna. Haya kaɗai tana cin rabin abin da nake samu, kuma dokokin biza sai ƙara tsauri suke yi. Ka bari mu yi magana a waya ranar Lahadi.

Na tura kuɗin maganin Inna, da kasonmu na gyaran taransfoma. Amma don Allah idan za ku kai, ku nemi rasit, ka ɗauki hotonsa ka turo min. Ku kuma haɗa takarda mutanen layi su sa hannu a kai wa kansila, ko da zai jefa ta a aljihun tebur. Ka sa sunana a ciki.

Ƙaninka.