Kafin ka sayi fim ɗin kyankyasai masu waƙa

Joe's Apartment ya fito a 1996, kuma shi ne fim na farko da kamfanin MTV Films ya kai sinima. John Payson ne ya ba da umarni, ya faɗaɗa wani gajeren fim nasa na 1992. An kashe kusan dala miliyan 13, abin da ya dawo bai kai miliyan 5 ba. Daga baya ne ya samu masoyansa a kaset da talabijin, waɗanda har yau suke nemansa ruwa a jallo. Ina cikinsu, amma ba kowa zan ce ya zuba kuɗinsa a kai ba.

Labarin Joe ne, wanda Jerry O'Connell ya fito a matsayinsa. Saurayi ne daga jihar Iowa da ya sauka a birnin New York aljihu wayam, ya samu ɗaki mai arhar haya a wani tsohon bene na unguwar East Village. Ashe ɗakin da masu shi: dubban kyankyasai masu magana da waƙa, waɗanda suka ƙaunace shi saboda ƙazantarsa. Mai gida kuma ya turo 'yan daba su kori 'yan haya, don a rushe benen a gina kurkuku. Duk wanda mai gida ya taɓa matsa wa lamba zai gane wannan ɓangaren.

Tambayar farko ita ce da wa za ka kalla. Jin cewa ƙwari na rera waƙa kan sa iyaye su ɗauka na yara ne. A Amurka an ba shi alamar PG-13, wato gargaɗi ga iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, kuma barkwancinsa na shara ne da ban ɗaki. Akwai inda kyankyasan ke wasan ninƙaya a jere cikin ruwan masai, suna juyi tare kamar ƙwararrun 'yan rawa, akwai kuma inda suka haye gadon bayan kyanwa suna sukuwa. Ni dai a nan nake ganin gwanintar fim ɗin, amma mai saurin tashin zuciya kada ya kalla da kwanon tuwo a gabansa.

In don yara ne, Mouse Hunt na 1997 ya fi dacewa. Wa da ƙane ne suka gaji tsohon gida, ɓera guda ya hana su sakat. Yawancin dariyar faɗuwa ce da ɓarin kaya, don haka ko yaron da ba ya jin Turanci zai bi labarin, sai dai babu waƙoƙi. Ratatouille na Pixar, 2007, ya fi su duka tsabta da kyan zane, ɓera ne mai girki a birnin Paris. In kuwa waƙar ce ta jawo ka, Little Shop of Horrors na 1986 ya fi Joe's Apartment daɗin waƙa nesa ba kusa ba, Alan Menken da Howard Ashman ne suka rubuta su. Shi ma a lungun talakawan New York yake, amma dodonsa shuka ce mai shan jini, kuma shi ma ba na ƙananan yara ba ne.

To me ya sa mutum zai zaɓi na kyankyasan? Aikin ƙwarin. An haɗa kyankyasai na gaske da 'yan tsana da zanen kwamfuta, kuma Blue Sky Studios ne suka yi na kwamfutar, tun kafin su yi suna da Ice Age a 2002. Disney ta rufe kamfanin a 2021. Ga mai sha'awar tarihin zanen kwamfuta, wannan ya isa dalili. Ga shi gajere, kusan minti 80, bai daɗe har ya gundure ka ba.

Saura siga. Kaset na VHS sai mai tara kayan tarihi, domin na'urar kunna shi ma ta zama abin nema. Faifan DVD na asali shi ne zaɓin mai son ajiyewa, amma a nan ake tafka asara. Faifan da aka buga don Amurka na shiyya ta 1 ne, Turai shiyya ta 2, Najeriya da Nijar kuwa suna shiyya ta 5. In na'urarka ba mai karɓar kowace shiyya ba ce, faifan ba zai buɗe ba. Juya bayan kwalin, za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a tsakiyarsa. Duba kuma ko an rubuta NTSC, wato tsarin hoton talabijin na Amurka, domin tsofaffin talabijin namu masu tsarin PAL kan nuna shi ba kala. In faifan na hannu ne, ɗaga shi a haske ka duba ƙarzuwa, sannan ka tambaya ko akwai rubutun magana a ƙasan allo. Kyankyasan suna magana da sauri cikin siririyar murya, rabin dariyar kuma a baitocin waƙa take.

Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar kwafin da ake turawa a waya a shagunan tura fim. An matse shi har sauti ya dushe, ƙwarin kuma ƙanana ne, a hoto maras kyau sai su koma ɗigo-ɗigo masu motsi.

Haya ta intanet ta fi arha ga wanda bai taɓa gani ba, in shagon da kake amfani da shi yana ba da shi a ƙasarka, domin izinin nunawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Fara da kallon tallarsa da waƙar "Funky Towel". In ta sa ka dariya, yi hayar, faifan ya biyo baya. In ta sa ka yamutsa fuska, sauran fim ɗin haka yake har ƙarshe, gara ka kai kuɗinka wajen ɓeran Mouse Hunt ko na Ratatouille.