Fentin gindin jirgin ruwa: wanne za ka saya, kuma me zai zuba a teku?

Jirgin da ya daɗe a ruwa, gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo kan manne masa a gindi har ya yi nauyi, gudunsa ya ragu, ya riƙa shan mai fiye da kima. Fentin da ake shafawa don hana wannan galibinsa guba ne da aka tsara ya riƙa tsatsowa cikin ruwa a hankali. Mai saye ya san da haka tun kafin ya duba farashi.

Akwai wanda ba a ma shawara a kansa: fenti mai sinadarin TBT. Ya yi tashe daga shekarun 1960 saboda ƙarfinsa, sai aka ga ɓawon kawa yana nakasa a mashigin Arcachon na Faransa, matan wani dodon koɗi na teku kuma suna fitar da gaɓoɓin maza har su kasa haihuwa. Faransa ta hana shi ga jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982, yarjejeniyar Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta 2001 da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008. Sinadarin cybutryne, wata gubar da ake sa wa fentin, shi ma an haramta shi daga Janairun 2023. Ka ga ɗayansu a jikin gwangwani, komai arharsa, ka wuce.

Abin da ya cika kasuwa yanzu fenti mai jan ƙarfe ne, kuma kala biyu ne. Mai tauri yana zama a jikin jirgi, gubar na fita daga cikinsa har ta ƙare, ya dace da jirgi mai gudu sosai, amma yana taruwa rufi a kan rufi, wata rana dole a kankare. Mai zaizayewa kuwa ruwa ne ke cinsa sannu a hankali, sabon rufi na bayyana, ba ya taruwa, sai dai duk abin da ya zaizaye teku ya shiga. Jan ƙarfe bai kai TBT muni ba, amma yana kashe 'ya'yan kawa, yana kuma dagula jin ƙamshin kifin salmon, wanda da shi yake gane maƙiyi. Ɓarnar ta fi yawa a matsattsiyar tasha inda ruwa ba ya sauyawa. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta ƙayyade yawan jan ƙarfen da fenti zai riƙa saki daga 2018, Suwidin ma ta tsaurara a tekun Baltik. Mai jirgin alminiyom ya kiyayi fenti mai jan ƙarfe irin wanda aka saba: jan ƙarfen zai ci jikin jirgin.

Kalmar "babu jan ƙarfe" a jikin gwangwani kada ta ruɗe ka. Sau da yawa wata guba ce aka saka, kamar Econea ko haɗin tutiya. Suna saurin rushewa a ruwa, wannan ci gaba ne, amma ka karanta jerin sinadaran.

Ni dai na fi karkata ga fentin silikon ga duk wanda jirginsa ke fita a kai a kai. Ba ya kashe komai, santsi kawai yake yi har abin da ya manne ya suɓuce idan jirgi ya ɗauki gudu. Yana da tsada a farko, sai an cire tsohon fenti ko an sa rufin tsakani, kuma ba ya jure gogayya da dutse ko yashi. Jirgin da ke kwana wata da watanni a ɗaure zai buƙaci shafa da soso lokaci lokaci.

Ƙaramin jirgi da ake janyewa tudu bayan kowace fita ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, wanki ya isa. Idan kuma ka zaɓi mai guba, ranar kankare tsohon fenti ka shimfiɗa tamfol ka tattara ƙurar, don abin da ke zuba a wannan rana ɗaya ba kaɗan ba ne.