Gargaɗi ga masu akori-kura a Legas kan mai canza ƙafar gaba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu akori-kura da ke ɗaukar kaya daga Mile 12 da Agege. Akwai wani mutum da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp yana tallar cewa zai cire wa Hilux ƙafar gaba, ya sa mata aksil mai sifirin falle-falle irin na tsofaffin Hilux na shekarun 1980 da 1990, wai don ta jure lodi da ramuka. Ni ya cuce ni, kuma ba na so wani ya bi sahuna.

Hausa yake ji sosai, da ita ya saye ni. "Alhaji, kayan tokumbo ne, da hannuna na zaɓo a kasuwar kayan mota ta Ladipo." Ya karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗin tun bai kwance noti ɗaya ba. Bayan kwana tara ya miƙo mini makulli, ƙarƙashin mota baƙi wuluk da sabon fenti.

Ranar da na fara yi mata lodin albasa, ina hawa titin Ikorodu sitiyari ya kama rawa a hannuna, mota tana jan hagu. Allah ya sa ban yi nisa ba, yarona yana zaune a gefena.

Wani dattijon bakanike ne ya shiga ƙarƙashinta da buroshin ƙarfe ya kankare fentin. Babban fallen sifirin na hagu karyayye ne aka haɗa da walda. Ya ce mini ƙarfen sifirin ba a yi masa walda, domin wuta tana kashe taurin da aka ba shi a masana'anta, kuma daga gefen waldar zai sake tsagewa. A gaban mota kuwa sifirin nan shi ne yake riƙe da aksil a mazauninsa. In ya karye kana gudu, ƙafa ta goce, sitiyari ya fita daga hannunka. Sifirin dama da na hagu ma ba daga mota ɗaya suka fito ba. Tsofaffin yubol, wato ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, macucin ya mayar, waɗanda bai kamata a sake ɗaurawa ba, maƙalan sifirin kuma ya ɗan ɗiga musu walda a jikin shasi ba tare da ƙarin ƙarfe ba. Haƙoran dif na gaba, wato giyar da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji, ba su yi daidai da na baya ba, don haka da na sa fowil, mai jan mota da ƙafa huɗu, da na farfasa giya.

Aikin nan ana yin sa, amma sai wanda ya iya awo. In za ku yi, ku je da bakanikenku ku sayi kayan da kanku, ku gan su tsirara kafin fenti ya taɓa su, ku ƙirga fallen kowane gefe. Kada ku biya sai an gwada motar da lodi.

Da na koma garejin, masu wurin suka ce ba nasa ba ne, haya yake biya ta kwana. Lambarsa a kashe take. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, motar tana ajiye sati uku ke nan, ina biyan haya a ɗaukar mini kayana. Jiya wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyon tallar nan da wata sabuwar lamba, kuma motata ce a ciki, ranar da aka gama yi mata fenti.