Ramipril bayan bugun zuciya: amfaninsa da iyakarsa

Ramipril, wanda kamfanin Sanofi ke sayarwa da sunan Tritace, yana cikin magungunan da likita ke ɗora mutum a kai bayan bugun zuciya. Magani ne da ya cancanci yabo, amma ba ya tayar da tsokar da ta mutu.

Idan jijiyar zuciya ta toshe, cikin minti 20 zuwa 40 ƙwayoyin tsoka sun fara mutuwa. A kwanaki ukun farko fararen ƙwayoyin jini ke cika wurin, sannan makrofaj, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti, su zo su share mataccen nama. Tsakanin kwana 3 zuwa 7 bangon zuciyar ya fi rauni, har yakan iya ɓarkewa. Daga nan ƙwayoyin faibiroblas, masu ɗinke rauni, ke saƙa zaren kolajin mai tauri, tabo ya kammala cikin mako 6 zuwa 8. Tabo kuwa ba ya bugawa. Zuciyar babban mutum da ƙyar take sabunta kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokarta a shekara.

Matsalar ita ce bayan bugun zuciyar jiki na ta zuba sinadarin anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyi, ya sa a riƙe gishiri da ruwa, ya kuma tunzura faibiroblas su zuba kolajin har a tsokar da ba ta ji rauni ba. Sai zuciya ta buɗe kamar tsohuwar salka, ƙarfinta ya ragu. Ramipril na toshe sinadarin da ke haɗa anjiyotensin ɗin, nauyi ya sauka daga bango tun tabo yana ɗanye. A gwajin ramipril mai suna AIRE na 1993, kan majinyata kusan 2,000 da zuciyarsu ta fara gazawa, mace-mace sun ragu da kashi 27 cikin 100.

Galibi likita na farawa da miligiram 2.5 safe da yamma, ya ɗaga zuwa 5 safe da yamma idan awon bugun jini bai yi ƙasa ba. Dole a auna aikin ƙoda da sinadarin fotasiyam na cikin jini kafin a fara, a sake bayan mako 1 zuwa 2. Nan ake yawan sakaci.

Aibinsa busasshen tari mai hana barci. Wanda ya kasa jurewa akan koma da shi kan wani magani mai kama da shi, valsartan. Yakan kuma jawo kumburin leɓe ko harshe, wanda ya fi samun baƙar fata, kuma wannan sai asibiti nan take. Mai ciki ba ta shan sa. Gudawa, amai, ko azumi a zafin bazara na iya kawo wa mai shan sa jiri da taɓa ƙoda, don haka a tuntuɓi likita tukuna. Kada kuma a haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen na kemis, domin ƙoda ce ke ɗanɗana kuɗarta.