Sharhi kan wata manhajar atisayen nahawun Turanci: tsakanin "went" da "had gone"

Makonni uku na yi ina aiki da wata manhajar waya da aka tsara domin masu shirin jarrabawar Turanci, kuma sashen da ya fi cin lokacina shi ne na zaɓi tsakanin shuɗaɗɗen lokaci mai sauƙi, wanda malamai ke kira simple past, da shuɗaɗɗen lokacin da ake ginawa da "had", wato past perfect. Ba zan kama sunanta ba, domin ire-irenta sun yi yawa, kuma waɗanda na gwada kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ta fuskar tsari ba ni da ƙorafi. Tambaya tana fitowa da gurbi guda, mutum ya taɓa amsa, nan take a nuna masa ko ya dace, sannan tambayoyin da ya faɗi su sake dawo masa bayan kwana biyu. Atisayen aikatau marasa bin ƙa'ida ma ya yi kyau ƙwarai, domin wanda bai riƙe bambancin "went" da "gone", ko "wrote" da "written" ba, ko da ya gane lokacin da ya dace zai rubuta "had went" ya rasa makinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayanin da take bayarwa idan mutum ya yi kuskure. Kusan kullum kalmomin alama take nunawa: idan ka ga "already" ko "by the time" ka ɗauki "had", idan ka ga "yesterday" ko "ago" ka ɗauki ɗayan. Wannan dabara tana fitar da ɗalibi a tambayoyi masu sauƙi, amma tana yashe shi a daidai inda masu tsara jarrabawa suka fi kafa tarko, wato jimlar da ba ta da wata alama sai ma'ana. A duba waɗannan biyun: "When we arrived, the meeting started" da "When we arrived, the meeting had started". Dukkansu daidai ne, sai dai ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Ta farko tana cewa da muka isa sai aka fara taron, ta biyu kuwa tana cewa ko da muka isa an riga an fara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mai jin Hausa yana da wannan bambanci a bakinsa tun yana yaro, tsakanin "sai aka" da "an riga an", amma manhajar ta bi da shi ta doguwar hanya ta haddace jerin kalmomi, alhali abin da yake bukata kawai a ce masa "had" tana komawa baya ne daga wani lokaci da shi ma ya riga ya wuce. Idan labari yana tafiya bi da bi, wannan ya faru sannan wancan, babu abin da zai kawo "had" cikinsa, komai daɗewar abin. Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa lokaci ne na abin da ya faru tun da daɗewa, har su rubuta "My grandfather had died in 1990" ba tare da wani abu na biyu da ake auna mutuwar da shi ba, kuma ban ga inda manhajar ta tsaya ta warware wannan rashin fahimta ba.

Akwai kuma wata tambaya da ta ɓata mini rai. An ba da "After she ___ her work, she went home", na zaɓi "finished", sai allon ya yi ja, aka ce "had finished" ce kaɗai amsa. Gaskiyar magana ita ce duka biyun karɓaɓɓu ne, saboda kalmar "after" da kanta ta riga ta fayyace wanda ya zo farko, haka ma "before". Mai shirin jarrabawa yana da kyau ya san cewa idan an tilasta masa zaɓi ɗaya a irin wannan gurbi, mai "had" ce galibi ake nema, amma a gaya masa cewa ɗayar kuskure ce zalunci ne ga wanda kunnensa ya fara sabawa da harshen.

Darussan gaba sun ɗan wanke wa manhajar laifi. Ta yi bayani mai gamsarwa kan maganar da ake ruwaitowa, inda "I lost my key" ke komawa "He said he had lost his key", da kuma sharaɗin abin da bai faru ba, irin "If I had known", wanda ya yi daidai da "da na sani" ta Hausa. Ta kuma ja hankali kan gajeren "'d", wanda yakan tsaya a madadin "had" ko "would", sai aikatau ɗin da ya biyo baya ne zai raba gardama.

Mai saukar da ita ya fara duba irin jarrabawar da zai zauna. A cikin jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, IELTS ba ta da sashen nahawu na daban, a rubutu da magana ake auna shi, ita ma TOEFL ta ajiye nata sashen tun da ta koma ta intanet a 2005. B2 First ta Cambridge kuwa tana sa mutum ya sake gina jimla da kalmar da aka ba shi. Manhajar ba ta horar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin zaɓi biyu kawai take bayarwa, wanda ko da canki-canka mutum zai iya samun rabin maki. Ga mai fuskantar jarrabawar zaɓen amsa tana da amfani a matsayin filin atisaye, muddin bayan kowane zama zai ɗauki takarda ya rubuta gajeren labari da kansa, ya ja layi ƙarƙashin duk inda ya sa "had", sannan ya tambayi kansa ko "riga" za ta zauna a wurin.