Gargaɗi: ku kiyayi mai tallar kan famfon da wai yake ƙara wa ruwa ƙarfi

Jama'ar Katsina, musamman iyayenmu mata da masu hidimar kayan amare, don Allah ku yi hattara da wani mai talla da ya cika Facebook da zaurukan WhatsApp na mata. Kan famfon wanke-wanke yake sayarwa, irin mai juyawa yana feshi. A bidiyonsa za ku ga ruwa na fita da ƙarfi har yana ɓamɓare ƙanzo daga gindin tukunya. Wai ƙarfe ne da ba ya tsatsa, wai yana hawa kowane famfo, wai kuma yana ƙara wa ruwa ƙarfi. Duka ukun ƙarya ne.

Na riƙe wanda ya aiko wa ƙanwata ta Ƙofar Marusa. Roba ce zalla aka shafe ta da fenti mai ƙyalli, ina sa farce sai ga baƙinta ya fito. Ya ƙi hawa famfon. Mai gyara ya nannaɗa masa farin tef, ruwa ya dinga tsiyaya ta gefe, da aka matsa shi kuma ya tsage. Ita ma ta yi sa'a. Maƙwabciyarta kuwa, ce mata aka yi kaya na tasha, sai ta ƙara kuɗin direba a wani asusu mai wani suna daban. Tana turawa, aka toshe lambarta.

Maganar ƙarfin ruwan ce ta fi ci mini rai, domin da ita yake kama mutane. Yawancin gidajenmu daga rijiyar burtsatse ake tura ruwa tanki, daga tanki ya gangaro. Ƙarfinsa daga tsayin tankin yake zuwa, ba daga bakin famfo ba. Tankin da ya ɗara famfo da mita 3 ko 4 ba zai ba da feshin bidiyon nan ba, sai da injin tura ruwa. Ƙananan hudoji suna siranta ruwa ya yi tsini, amma ba sa ƙara ko ɗigo.

Bakin famfo ma ba girma ɗaya ba ne. An fi samun mai milimita 22 da mai 24, wani murɗinsa na waje, wani na ciki, mai tiyo kuma nasa daban. Ki kwance tsohon, ki tafi da shi wajen masu kayan famfo, a gwada a gabanki, ki tabbata akwai robar da ke tare ruwa a ciki.

Kafin ma a kai ga saye, Hajiya, duba 'yar ragar da ke bakin famfon. Sau da yawa yashi ne da farin dattin da ruwa ke bari suka toshe ta. A jiƙa ta a ruwan lemun tsami ta kwana, a goge da tsohon buroshi.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ta adana shaidar biya da hoton hirarsu, ta sanar da bankinta a ranar, ta kai ƙara ga 'yan sanda da hukumar kare masu saye ta FCCPC. Masu kula da zauruka kuma, ku cire tallar nan, domin har yanzu yana sako ta da sabuwar lamba.